Tambaya da Amsa: Turancina ya kai ko da saura?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin wannan karon kusan duk wuri ɗaya suka dosa, wato yadda mutum zai auna Turancinsa ya san inda ya tsaya, musamman waɗanda suka wuce matakin farawa amma ba su kai ƙwarewa ba, 'yan tsaka-tsaki ke nan. Na haɗe masu kama da juna, sunaye kuma an cire kamar yadda aka saba.

TAMBAYA: Salam Malam, barka da ƙoƙari. Ni dai na rasa gane kan abin nan, na yi tes na Turanci a intanet wani ya ce min B1 nake, na je wani shafin ya ce B2, wani kuma cewa ya yi na ƙware gaba ɗaya har da tafi da furanni, duk a yini ɗaya fa. To wanne zan ɗauka? Kuma me ma B1 da B2 ɗin suke nufi?
Daga wata ɗaliba

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Mai tafi da furannin nan dai ki fara ajiye shi gefe. Haruffan da suke ta jefa miki daga wani ma'auni suka fito da ake kira CEFR, wanda Majalisar Turai (Council of Europe) mai hedikwata a Strasbourg ta Faransa ta fitar a 2001, hawa shida ne, A1, A2, B1, B2, C1, C2, kuma ba don Turanci kaɗai aka yi shi ba, Faransanci da Jamusanci da sauransu duk da shi ake auna su. Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne ma'aunin bai ce wanda ya ci kashi kaza shi ne ɗan B2 ba, abin da mutum zai iya YI da harshen ya bayyana. Ɗan B1 shi ne wanda in aka yi magana a fili ba da gudu ba, a kan abin da ya saba da shi kamar aiki ko karatu ko tafiya, zai kama jigon maganar, kuma zai iya ba da labarin abin da ya same shi ya faɗi dalilinsa a taƙaice. Ɗan B2 kuwa zai bi labaran talabijin, ya bi muhawara mai ɗan sarƙaƙiya, ya yi hira da wanda aka haifa cikin harshen ba tare da ɗayansu ya jigata ba.

To ki duba fa, tambaya 20 ta canki-canka a minti goma ta yaya za ta auna wannan? Mu ma yi lissafi. In zaɓi huɗu ne a kowace tambaya, wanda bai san ko kalma ɗaya ba in ya rufe ido yana dannawa zai samu wajen 5 cikin 20 a ɓagas. Yanzu a ce ke kin san amsar 10 da gaske, sauran 10 ɗin kuma kin iya cire zaɓi biyu da kika ga ba za su yiwu ba sai ki canka tsakanin biyun da suka rage, a nan ma wajen 5 za su faɗo miki, kin tashi da 15 ke nan, kashi 75, alhali rabin kayan kawai kika sani. Gobe in kika sake irinsa sa'ar ta juya miki baya sai ki ga 12. Bambancin B1 da B2 a irin waɗannan shafukan sau da yawa bai wuce wannan tambaya ukun ba.

Ga kuma wani abu, da yawan shafukan kyauta ɗin nan kwas suke sayarwa, tes ɗin ƙofar shiga ce kawai, wani ya zuga ki don ki ji daɗi ki yi rajista, wani ya danne ki don ki tsorata ki yi rajista. Ba duka ba, amma ki sa hakan a ranki.

Sannan babbar maganar: ba lallai ne mutum ya zama a mataki ɗaya ta ko'ina ba. Abu ne da aka saba gani a samu wanda karatunsa B2 ne, rubutunsa B1, sauraronsa kuma yana ta rarrafe a ƙarshen A2, musamman wanda a littafi ya koyi harshen. Don haka duk tes ɗin da ba shi da ɓangaren sauraro, kuma ba ya ƙayyade lokaci, rabin labari ya ba ki. Ki nemi mai tsawo, wanda zai ci kamar minti 50 zuwa awa, ki kashe ƙamus, ki zauna ki yi shi a zama ɗaya, in ya fito da maki daban-daban na kowane ɓangare to mafi ƙanƙantar nan shi ne wanda ya shafe ki. Kuma kar ki yi mamaki in kin daɗe a B1, ƙiyasin hukumar jarrabawar Turanci ta Cambridge shi ne ana buƙatar awa 350 zuwa 400 na karatu tare da malami a kai B1, B2 kuma 500 zuwa 600 in an ƙirga tun daga farko, ga shi a wannan tsakanin ci gaban ba ya nuna kansa kamar na farkon farawa, shi ya sa mutane da yawa a nan suke sarewa.

TAMBAYA: Malam dan Allah a taimaka, abin ya fara ba ni kunya. Karatu ba ni da matsala, rahoto ko shafi nawa ne zan karanta in gane, rubutu ma alhamdulillah, amma da zarar an shiga mitin a Zoom da Turawa sai in koma kamar ban taɓa shiga aji ba, sai dai in yi ta gyaɗa kai, in na ga an yi dariya ni ma in yi. Kunnena ne ya samu matsala ko me?
Daga wani ma'aikaci

AMSA: Ɗan'uwa kunnenka lafiyarsa lau, kuma wallahi kuna da yawa, rabin masu gyaɗa kai a mitin ɗin nan halinku ɗaya. Da ido ka koyi Turanci. Kowace kalma kana da hotonta a ka, amma sautinta da ka adana na lokacin da take tsaye ita kaɗai ne, ita kuwa a tsakiyar magana ba haka take fitowa ba.

A Hausa kowace gaɓa ana ba ta haƙƙinta, ba a haɗiye ta, kuma kusan yadda aka rubuta haka ake faɗa. Turanci ba haka yake ba, gaɓoɓi kaɗan ake dannawa da ƙarfi a jimla, sauran a murƙushe su a wuce da gudu. Ƙananan kalmomin nan irin su to, of, for, and, was, have, can, su ne suka fi shan wahala, wasalinsu yana narkewa ya koma wani ɗan sauti mara ƙarfi da masana ke kira schwa, wanda kuma shi ne wasalin da ya fi kowanne yawa a Turancin baka. Ɗauki "I should have told him", kalma biyar ce a takarda, a baki kuwa abin da za ka ji bai wuce "ai shudav toldim" ba, h ɗin him ta ɓace ɓat. "An hour and a half" a bakin mutumin Ingila sai ta zama "anawarana haf". Kai kana can kana jiran ka ji and ɗinka cikakkiya, mai magana ya yi jimla biyu a gaba.

Sai kuma sautukan da kunnen mai Hausa bai saba rabawa ba. F ɗinmu tana tsakanin f da p ɗinsu ne, shi ya sa copy da coffee, ko pull da full, suke iya cakuɗewa. Wasulanmu biyar ne, kowanne da gajere da dogo, sai tagwaye ai da au, Turancin Ingila kuwa in an haɗa da tagwayen yana da wajen 20, to cat, cut, cart da curt duk sai kunne ya zuba su a ma'aji ɗaya ko biyu. Ga thirteen da thirty, ga can da can't wanda a bakin Ba'amurke t ɗin ba ta cika fitowa ba, sai dai ka gane ta ƙarfin wasalin, in an danna shi to can't ce, in an murƙushe shi can ce. Ka ga kuwa a mitin wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Gwajin da zan ba ka tsohon yayi ne amma ban san wanda ya fi shi tona asiri ba, shifta. Ka samo sauti wanda yake da rubutaccen abin da aka faɗa, shirin 6 Minute English na BBC yana da shi, amma kar ka buɗe rubutun tukuna. Ka yanki sakan 30 kawai, kar ka yi zalama. Ka sa iyafis ka saurara sau ɗaya ba tsayawa, ka rubuta da Hausa a layi biyu me aka ce a dunƙule. Sannan ka dawo farko kana bi jimla-jimla, kowace ka ji ta sau uku iyaka, ka rubuta duk kalmar da ka ji, inda ba ka ji ba ka ja layi ka bar gurbi, kar ka cike da abin da kake zato. In ka gama ka buɗe rubutun ka ɗau jan biro.

A nan gizo ke saƙar, don ba ƙirga kurakuran ne aikin ba, raba su ne. Akwai kalmar da ko a rubuce ba ka san ta ba, wannan matsalar kalmomi ce ba ta kunne ba. Akwai wadda da ka gan ta za ka ce haba, wannan ce ta kuɓuce min? ai tun firamare na san ta, to wannan ita ce ta kunne tsantsa. Akwai kuma inda ka rubuta komai daidai amma a sauraren farko ma'anar ta wuce ka, wannan gudun maganar ne ya fi gudun fahimtarka. Daga yadda ka bayyana kanka ina da yaƙinin kashi na biyun ne zai cika takardarka, kuma in ka duba gurabun da ka bari za ka ga ba manyan kalmomi ba ne, 'yan a da the da of da 've da 'd ne. Maganinsu shi ne ka sake kunna wannan jimlar kana kallon rubutun, ka maimaita da bakinka yadda mai maganar ya murƙushe ta, har sai bakinka ya iya, don abin da baki ya iya faɗa kunne ba ya wahalar kama shi. Minti 15 kullum ya fi awa uku ranar hutu.

Rubutun da ke fitowa a ƙasan bidiyo kuma ka yi hattara da shi, in ka kunna shi to karatu kake yi ba sauraro ba, kuma kai karatu ba shi ne damuwarka ba. Rage gudun sauti zuwa 0.75 a YouTube ba laifi wajen atisaye, amma ranar gwada kai a bar shi a gudunsa na asali, Turawan mitin ɗinka ba su da wannan maɓallin.

TAMBAYA: Malam kullum ina haddace sababbin kalmomi daga ƙamus, manya-manya nake zaɓa, littafina ya kusa cika amma in na zo magana ko ɗaya ba ta zuwa. Wai kalma nawa ake buƙata mutum ya ce ya iya Turanci, kuma ya zan san nawa na sani?
Daga wani matashi

AMSA: Ƙanena akwai wanda ya yi wannan lissafin. Paul Nation na Jami'ar Victoria da ke Wellington a New Zealand ya fitar da bincike a 2006 da ya nuna cewa don mutum ya san kashi 98 na kalmomin da ke cikin littafin labari ko jarida yana buƙatar dangin kalmomi 8,000 zuwa 9,000, na maganar baka kuma 6,000 zuwa 7,000. Dangi ake ƙirgawa fa, wato help, helped, helpful, helpless duk ɗaya ne a lissafin. Kar adadin ya firgita ka, don ba ƙarfinsu ɗaya ba, 2,000 na farko da aka fi amfani da su su kaɗai suna ɗauke da wajen kashi 80 na rubutu na yau da kullum. Sai dai kashi 80 a nan ba cin jarrabawa ba ne, yana nufin a kowace kalma biyar akwai ɗaya da ba ka sani ba, ba mai jin daɗin karatu a haka. Kashi 98 kuwa ɗaya ce cikin 50.

Ga gwaji mai sauƙi, ka ɗau shafi mai kalma kamar 300 daga irin abin da kake son ka riƙa karantawa, ka ja layi a ƙarƙashin duk wadda ba ka sani ba. In ba su wuce 6 ba ka kai kashi 98, in sun kai 15 kana kan 95, za ka iya bi da ɗan taimakon ƙamus, in sun haura 30 to wannan rubutun ya yi maka tsauri yanzu, nemi mai sauƙi. Akwai kuma Vocabulary Size Test da shi Nation ɗin ya tsara tare da David Beglar, tambaya 140, a ninka abin da ka ci da 100 a samu ƙiyasin danginka. Yana da kyau, amma ka tuna gane kalma kawai yake aunawa in ka gan ta.

Kai kuwa damuwarka ba ta gani ba ce, ta fitowa ce, kuma manyan kalmomin da kake tarawa su ne suka ɓata maka lokaci. Ɗan tsaka-tsaki ba a kan dogayen kalmomi yake faɗuwa ba, a kan gajeru ne. Ka san make ka san do, to mistake da wanne take tafiya, homework fa? Make a mistake, do your homework. Ka san put tun ajin farko, amma put off jinkirtawa ne, put out kashe wuta, put up with jurewa. Ruwan sama mai ƙarfi heavy rain ne ba strong rain ba. Ka nemi jerin muhimman kalmomin Turanci da ake kira Oxford 3000, ka bi shi kana tambayar kanka ba wai na san ma'anarta ba, a'a, zan iya sa ta a jimla tawa yanzun nan ba tare da na leƙa ba? Za ka sha mamakin yawan waɗanda za su maƙale.

Haddar ma ka canja mata salo. Roediger da Karpicke sun gwada ɗalibai a Amurka a 2006, wasu suka yi ta maimaita karanta rubutu, wasu aka ƙwace rubutun aka ce su tuno abin da ke ciki, bayan mako guda masu tunowar ne suka fi riƙewa. Wato rufe littafin ka matsa wa ƙwaƙwalwarka ta kawo, wannan wahalar da kake ji ita ce aikin. Manhaja irin Anki a kan haka aka gina ta.

TAMBAYA: Malam na haddace tensis duka 12 da sunayensu da ƙa'idojinsu amma har yanzu ana ja min jan biro a rubutu. Ko za ka ɗan gwada mu a nan filin mu ga?
Daga wata mai bibiyar filin

AMSA: To bismilla 'yar'uwa, amma ba zan ba ki zaɓi ba, gyara za ki yi. Jimlolin nan kowace da ciwonta, ki rufe ƙasa da hannu ki gyara su tukuna:

I am living here since 2019.
I have seen him yesterday.
If I knew, I would have come.
She gave me many advices.
He asked me where was I going.
I look forward to see you.

Ta farko have lived ko have been living take so. Dalilin da ya sa take kama mu a fili yake, mu cewa muke "ina zaune a nan tun 2019", da sigar abin da ke kan faruwa, sai mu kwashe ta haka mu kai Turanci. Ta biyu I saw him ce, don "na gan shi" ɗinmu guda ɗaya su sun raba ta biyu, in an ambaci lokacin da ya riga ya wuce kamar jiya ko bara to saw, in ba a ambata ba kuma abin yana da nasaba da yanzu to have seen. Waɗannan biyun su ne shingen da ke tsakanin B1 da B2 a wurin mutane da yawa, kuma haddace sunan tens ba ya tsallakar da kowa. Ta uku If I had known, kuma a nan Hausa gata ta yi mana, "da na sani da na zo" ce sak, duk inda kika ji da... da... na abin da ya riga ya wuce to had da would have ne. Ta huɗu advice ba ta ɗaukar s, haka information, furniture, equipment, sai ki ce a lot of advice. Ta biyar where I was going, don ba tambayar ake yi ba labarinta ake bayarwa. Ta ƙarshe seeing.

In kin ci shida kar ki yi saurin murna, na riga na gaya miki akwai kuskure a ciki, shi kuwa rubutunki ba ya gaya miki. Gwajin da ya fi wannan: ki kunna rikoda a wayarki ki ba da labarin makon da ya wuce na minti biyu ba tare da shiri ba, sannan ki zauna ki rubuta abin da kika faɗa kalma da kalma, ki bi da jan biro. Za ki ga ƙa'idojin da kika sani sarai kina taka su, kuma ba su da yawa, uku ne ko huɗu suke ta dawowa. Su za ki sa a gaba ba duka littafin nahawu ba.

Irin tambayar da na fi yarda da ita a jarrabawa ita ce ta kashi na huɗu a takardar Reading and Use of English ta B2 First, jarrabawar Cambridge ta matakin B2, inda za a ba ki jimla da kalma ɗaya a ce ki sake gina ta da kalma biyu zuwa biyar ma'anar ba ta canja ba. Misali "It's a pity I didn't study harder", a ba ki wish, ki fito da "I wish I had studied harder". Nan ba canke. IELTS kuwa, jarrabawar Turanci ta masu neman karatu ko aiki a waje, ba ta ma da takardar nahawu daban, a cikin rubutunki da maganarki ake duba shi, ɗaya ne daga ma'aunai huɗu na makin kowannensu, ba mai tambayarki sunan tens.

TAMBAYA: Salam Malam. Ina koyar da manya Turanci a ajin yamma, in na yi musu tes kusan kowa sai ya haura 80 amma ni na san ba su kai haka ba. Ina nake kuskure?
Daga wata malama

AMSA: Malama sannu da fama, tunda har kin gane makin ƙarya yake yi ai an yi rabin aikin. Abu na farko ki duba zaɓuɓɓukan da kike sawa, in uku daga ciki shirme ne da ba wanda zai zaɓa to tambayar ta amsa kanta. Zaɓin yaudara mai kyau daga littattafan ɗalibanki zai fito, kurakuran da suke yi da gaske. Ki kuma rage canki-canka ki ƙara cike gurbi, akwai salon da Wilson Taylor ya fito da shi a 1953, a ɗau sakin layi a goge kowace kalma ta bakwai ko makamancin haka ba tare da zaɓe ba, duk wadda ta faɗo, ba a ba da jerin amsa. Haɗa shi minti biyar ne, amma yana taɓa nahawu da kalmomi da fahimta a lokaci guda.

A ɓangaren sauraro kar ki riƙa karanta musu da bakinki kullum, sun saba da muryarki kuma ko ba ki so sai kin rage gudu in kin ga fuskokinsu. Ki sa musu wasu muryoyin, mace da namiji, da sifika mai kyau don na bayan aji kar a zalunce shi. Kafin ki ba su, ki miƙa wa wata malamar tambayoyin ba tare da sautin ba, duk wadda ta amsa daidai da hankali kawai ki cire ta, ba sauraro take aunawa ba. Ki sa musu tarkon da manyan jarrabawa ke sawa, mai magana ya ce a haɗu Tuesday sannan ya ce a'a yi haƙuri ina da aji, a mayar Thursday, mai farautar kalma zai rubuta ta farko, mai sauraro ya jira ta biyu.

Bayan kin yi makin ki ware takardun waɗanda suka fi ƙoƙari da na waɗanda suka fi rauni ki bi tambaya-tambaya. Wadda kowa ya ci ba ta gaya miki komai ba. Wadda raunanan suka ci gwanayen suka faɗi kuwa, tambayar ce ke da matsala ba ɗaliban ba.

TAMBAYA: Ina son neman aiki a waje, wace jarrabawa zan yi, kuma sakamakon intanet na kyauta zai yi?
Daga wata ma'aikaciyar jinya

AMSA: Na kyauta ba zai yi ba 'yar'uwa, naki ne ke kaɗai. Wadda za ki yi kuma ba ni zan zaɓa ba, hukumar da za ta ba ki lasisi ko biza ita ke faɗa, ki duba shafinta da kanki kafin ki biya ko sisi don sharuɗɗan suna canjawa. Waɗanda aka fi sani su ne IELTS da ta fara a 1989, TOEFL ta hukumar ETS a Amurka da ta fara a 1964, sai OET da aka yi musamman don ma'aikatan lafiya, inda za ki ji hirar majinyaci da mai duba shi maimakon laccar jami'a. Sakamakon IELTS da TOEFL shekara biyu ake karɓarsa, don haka kar ki yi da wuri ya mutu a hannunki.

Sauraron IELTS tambaya 40 ne a kashi huɗu, wajen minti 30, kuma sau ɗaya tak ake kunnawa, saɓanin B2 First da ake kunna kowanne sau biyu. A ƙiyasinsu cin 23 yana kai mutum maki 6 a ma'auninsu mai hawa 9, cin 30 kuma maki 7. Kuskuren harafi yana cinye amsa, haka in an ce kar a wuce kalma biyu kika rubuta uku ko da kin ji daidai. Ki samo tsofaffin takardunsu na gaske ki yi a gida da agogo ba tsayarwa, in kin ga kina samun makin da ake nema a jere ba sau ɗaya ba sannan ki cike fom.

TAMBAYA: Na Ingila zan koya ko na Amurka?
Daga wani dattijo

AMSA: Ranka ya daɗe, a baki da alƙalami ka zaɓi wanda ya fi maka sauƙi ka tsaya a kai, colour da color duk ana karɓa, cakuɗawa ce ba a so. A kunne kuwa ba zaɓi, IELTS kanta tana sa muryoyin Ingila da Ostareliya da New Zealand da Arewacin Amurka, a wajen aiki kuma sau da yawa wanda za ka yi magana da shi ɗan Indiya ne ko ɗan Jamus da shi ma koyon harshen ya yi. Ka riƙa canja muryar da kake saurara duk mako.

Masu tambaya a kan gwajin magana da na rubutun insha'i ku yi haƙuri, fili ya ƙare, sai fitowa ta gaba in sha Allah.